Matsayin Lissafi Wajen Shiga Makarantar Koyon Aikin Jinya



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ware lokaci domin tattauna batun karatun 'ya'yanmu. Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne sharuɗɗan shiga makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, musamman sharaɗin lissafi, wanda shi ne ya fi tsayar da yaranmu a bakin ƙofa. Kowa a nan ya san cewa duk shekara iyaye kan bi gidajen 'yan uwanmu da ke birane riƙe da takardar sakamakon jarrabawa, suna roƙon a nema wa yarinya hanya. Sau da yawa idan aka buɗe takardar sai a tarar komai ya yi kyau, amma a gaban lissafi an rubuta D7 ko E8. A nan ake yin cirko-cirko, wanda aka zo wajensa ya rasa abin faɗi, wanda ya zo kuma ya koma gida yana ganin an ƙi taimakonsa ne. Muna fata wannan jawabi ya rage irin wannan rashin fahimta, ya kuma nuna mana inda ya kamata a sa ƙarfin taimakon.

Abin da doka ta tanada

Hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma a Nijeriya an kafa ta a tsarinta na yanzu da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979. Ita ce ke amincewa da makarantu, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ƙwarewa, kuma ita ke ba da rajista da lasisin aiki. Sharaɗin da aka gindaya ga mai son shiga karatun jinya ko ungozoma shi ne ya samu kiredit a darussa 5: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce 2 ba.

Akwai kalmomi biyu a cikin wannan sharaɗi da ya kamata kowane uba da kowace uwa su fahimta. Ta farko ita ce kiredit. A sakamakon WAEC da NECO ana jera daraja daga A1 zuwa F9. Daga A1 har zuwa C6 su ne kiredit. D7 da E8 kuwa wucewa ce kawai, ba kiredit ba ce, ko da yake yaro kan dawo gida ya ce ya ci, kuma bai yi ƙarya ba. Tsakanin C6 da D7 taki ɗaya ne, amma wannan taki shi ke raba wadda za ta shiga makaranta da wadda za ta zauna a gida.

Kalma ta biyu ita ce zama. An yarda a haɗa sakamako biyu, alal misali WAEC da NECO na shekara ɗaya, ko WAEC ta bara da NECO ta bana. Yarinyar da ta samu darussa 4 a zaman farko, lissafi kaɗai ya rage mata, idan ta same shi a zama na biyu ta cika sharaɗi. Amma wadda ta samu 3 a farko, 1 a na biyu, 1 a na uku, ba ta cika ba, duk da cewa idan an tattara takardunta kiredit 5 ne cif. Wasu jami'o'i ma, saboda yawan masu nema, sukan fifita wanda ya kawo duka a zama guda. Lissafin da ake nufi kuwa shi ne na bai ɗaya wanda kowane ɗalibin sakandare ke yi. Ba a buƙatar lissafi mai zurfi da wasu 'yan ajin kimiyya kan ƙara a kansa.

Hanyoyin karatun sun ɗan sauya a 'yan shekarun nan. Da an saba da makarantar jinya ta shekara 3, irin waɗanda ke haɗe da asibitocin koyarwa da na gwamnatocin jihohi. Yanzu da yawa daga cikinsu sun koma kwalejoji masu ba da difloma ta ƙasa da babbar difloma, shekara 2 da wata 2, kuma ta hanyar JAMB ake shigarsu. Sai kuma digirin jinya na shekara 5 a jami'a, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Ta kowace daga cikin waɗannan ƙofofi mutum ya bi, kiredit na lissafi yana nan yana jiransa.

Abubuwa biyu da ke ruɗar ɗalibai

Na farko ya shafi jarrabawar JAMB. Mai neman karatun jinya darussa 4 yake rubutawa a cikinta: Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Babu lissafi. Saboda haka yara da yawa, da zarar sun ji wannan labari a aji 2 na babbar sakandare, sai su jingine littafin lissafi, su duƙufa a kan sauran. Yarinya na iya samun maki mai yawa a JAMB, gida ya cika da murna, sannan a ranar tantance takardu a mayar da ita saboda D7. JAMB ba ta tambayar lissafi a ɗakin jarrabawa, amma makaranta tana tambayarsa a teburin tantancewa.

Na biyu shi ne sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a watan Oktoba na 2025, cewa kiredit a lissafi ba dole ba ne ga masu neman karatu a fannin adabi da makamantansa. Labarin ya bazu a gidaje da taƙaitaccen siffa, wato an cire lissafi. Muna so a ji da kyau: wannan sassauci bai shafi fannin kimiyya ba, kuma jinya a cikin kimiyya take. Duk wanda ya ji ana gaya wa 'yarsa akasin haka ya gyara maganar tun da wuri.

Akwai kuma abin da malamai suka sani amma iyaye ba su cika lura da shi ba. A cikin darussan nan 5, Fiziks da Kemistiri duk a kan lissafi suke tsaye. Wanda ba ya iya juya ƙaramar ƙa'ida domin fitar da lambar da ba a sani ba, ba zai warware tambayar gudu da nisa a Fiziks ba, kuma ba zai lissafa ƙarfin ruwan sinadari a Kemistiri ba. Ke nan rauni a lissafi yana taɓa darussa 3 daga cikin 5.

Me ya haɗa mai jinya da lissafi?

Wannan tambaya muna yawan jin ta daga bakin iyaye. Sukan ce: allura ce da ba da magani da karɓar haihuwa, ina ruwansu da lissafi? Za mu kawo misalai daga ɗakin marasa lafiya, domin a ga irin ƙidayar da ma'aikaciyar jinya ke yi kullum. Misalai ne na fahimta, kada wani ya ɗauke su ya gwada a gida.

Mu fara da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke cika asibitocinmu da yara a kowace damina. Allurar da ake amfani da ita, wato atesunet, bisa nauyin jiki ake ba da ita. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 3 ga kowane kilo idan yaro bai kai kilo 20 ba, miligiram 2.4 kuma ga wanda ya kai ko ya wuce. Kwalba ɗaya tana ɗauke da miligiram 60, kuma idan an haɗa ta domin yi ta jijiya, kowane mililita yana da miligiram 10. Yaro mai kilo 10 zai buƙaci miligiram 30, wato mililita 3, rabin kwalba. Babba mai kilo 50 zai buƙaci miligiram 120, kwalba 2. Yanzu a duba ɗan ɗigon da ke tsakanin 2 da 4. Wanda bai san aikinsa ba, ya ɗauki 2.4 a matsayin 24, ya ninka magani sau 10.

Sai ƙarin ruwa. Likita ya rubuta a sa wa majinyaci lita 1 cikin awa 8. Lita 1 mililita 1,000 ce. Robar ƙarin ruwan da aka fi amfani da ita tana ɗiga 20 kafin ta cika mililita 1, saboda haka ɗigo 20,000 ke nan gaba ɗaya. Awa 8 minti 480 ce. Idan aka raba 20,000 gida 480, za a samu kusan ɗigo 42 a kowane minti. A manyan asibitoci akwai na'urar da ke daidaita wannan, amma a yawancin ƙananan asibitocin karkara agogo ne da ido da kai. Idan ruwan ya yi sauri a jikin jariri ko tsoho mai ciwon zuciya, yana iya taruwa a huhu. Idan ya yi jinkiri ga wanda amai da gudawa suka ƙwaƙule, ba zai iske shi a kan lokaci ba.

Ga ungozoma kuma akwai jijjigar masu ciki, wadda ta raba mu da mata da yawa. Maganinta na farko, magnesiyam salfet, yakan zo da ƙarfin kashi 50 cikin 100, ma'ana kowane mililita yana ɗauke da rabin giram. Ana fara ba da giram 4 ta jijiya, wato mililita 8, amma sai an sirka shi da ruwan allura mililita 12 ya zama mililita 20, ƙarfinsa ya sauko kashi 20 cikin 100. Wannan lissafi ana yin sa ne da tsakar dare, mace tana fizge-fizge, dangi suna kuka a bakin ƙofa. Hatta ranar haihuwa lissafa ta ake yi: a ɗauki ranar da al'adar ƙarshe ta fara, a ƙara kwana 7 da wata 9. Wadda tata ta fara ranar 10 ga Janairu, ana sa ran haihuwarta wajen 17 ga Oktoba.

Idan aka duba waɗannan misalai za a ga babu wani lissafi mai wuya a ciki. Ninkawa ce da rabawa, da ɗigo, da kaso cikin ɗari, da juya ma'auni daga giram zuwa miligiram ko daga awa zuwa minti. Duk ana koyar da su a firamare da ƙaramar sakandare. Abin da aikin ke nema shi ne a iya su daidai, cikin sauri, ba tare da kuskure ba. Ba sabon abu ba ne kuma a tarihin wannan sana'a. Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, ta shahara da ƙididdiga kamar yadda ta shahara da jinya. Da alkaluma ta nuna wa hukumomin Ingila cewa a yaƙin Kirimiya cututtuka sun fi raunukan yaƙi kashe sojoji, kuma a 1858 ta zama mace ta farko da ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓa a cikinta.

Inda matsalar ke farawa

Mu da muka yi shekaru da alli a hannu mun san cewa D7 ta aji 3 na babbar sakandare tun a firamare ake shuka ta. Lissafi kamar ginin tubali yake, kowane sahu a kan na ƙasa yake zama. Yaron da ya bar aji 3 bai haddace jadawalin sau ba, zai sha wuya a rabawa a aji 4. Wanda bai gane rabawa ba ba zai gane rabi da kwata da sulusi ba, daga nan kuma ɗigo da kaso cikin ɗari sun fi ƙarfinsa. Ana ta ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji, kowane malami yana ɗora sabon sahu a kan ramin da ba a cike ba.

Sai matsalar harshe. Yaranmu da Hausa suke ƙidaya, amma tambayoyin jarrabawa da Turanci suke zuwa, kuma da yawa a siffar ɗan labari. Sau da yawa idan ka fassara wa yarinya tambayar, nan take za ta ba ka amsa. Lissafin ta sani, jimlar ce ta kayar da ita.

Na uku shi ne tsoron da muke dasawa da bakinmu. Ana cewa lissafi na maza ne, ko kuma sai mai wata irin ƙwaƙwalwa. Amma yarinyar da ke riƙe da kuɗin adashin mahaifiyarta na mutum 12, wadda ta san kofi nawa ne a kwano, ta kuma san ribar da za a samu idan an sayar da ƙosai, ta riga ta mallaki tushen abin da ake nema. Kalmomin sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni sun daɗe a bakin malamanmu masu rabon gado. Kuma a ƙarni na 18 wani malami ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimin lambobi, kafin rasuwarsa a Alƙahira a 1741. Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan.

Gajeriyar hanya da abin da ke ƙarshenta

Wasu iyaye, saboda son 'ya'yansu, sukan kai su cibiyoyin da ake sayar da amsa, ko su nemi wani babba ya sa baki a ɗauki yarinya da D7. Dukkan hanyoyin nan biyu ƙurarru ne. Makarantun jinya suna yin jarrabawar tacewa bayan watannin farko, kuma wadda aka saya wa kiredit a nan take bayyana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan haka kowace makaranta tana aika takardun ɗalibanta ga hukumar jinya domin a shigar da sunayensu. Wadda takardunta ba su cika ba ba za ta samu zama jarrabawar ƙarshe ba, balle lasisi. Haka kuma akwai wuraren da ke karɓar kowa da kowa ba tare da duba sakamako ba. Duk makarantar da ta ce lissafi ba damuwa ba ne, a bincika ko hukuma ta amince da ita kafin a biya ko sisi. Mu kuma tuna cewa wadda muka tura ta bayan fage, wata rana ita ce za ta tsaya a kan gadon jikanmu da sirinji a hannu.

Dalilin da ya sa abin ya dame mu

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya. A garuruwa irin namu mata da yawa ba sa zuwa asibiti idan sun san namiji za su tarar, ko wadda ba ta jin harshensu. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara shirin tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara, amma sanin kowa ne cewa baƙuwa ba ta cika daɗewa a ƙauye ba. 'Yar gari ita ke zama, domin nan ne gidansu.

An riga an gwada wata hanya da ta dace mu yi koyi da ita. Daga 2012 zuwa 2020 an gudanar da wani shiri na samar da mata ma'aikatan lafiya da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe, daga baya aka ƙara Borno. Masu shirin sun tarar cewa 'yan matan karkara da yawa ba su da cikakkun kiredit. Ba su nemi a sassauta sharaɗi ba. Sai suka buɗe ajin share fage, aka tara 'yan matan aka koyar da su, suka sake zama jarrabawa, sannan suka nemi shiga makarantun kamar kowa. Abin da aka yi a jihohi, ƙungiya kamar tamu za ta iya yin ƙaraminsa a gari guda.

Shawarwari

1. Kwamitin ilimi ya tattara sunayen 'ya'yanmu da suka gama sakandare da kiredit 4, lissafi kaɗai ya rage musu. Su ne mafi kusa da ƙofa, kuma da su ya kamata a fara. A shirya musu aji na watanni, a kuma biya musu kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO ta 'yan waje.

2. Kafin a fara ajin a gwada kowa a kan lissafin firamare, a fara daga inda ramin yake, ko da zai kai ga komawa jadawalin sau. Babu abin kunya a cikin wannan.

3. A horar da su a kan tsofaffin tambayoyi. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, takarda ta farko tambayoyin canki-canka ne guda 50, ta biyu kuma tambayoyi 13 ne a amsa 10, kuma ana ba da maki a kan kowane mataki na aiki. Ɗalibin da ya saba rubuta matakansa yana tara maki ko da amsar ƙarshe ta kuɓuce masa.

4. Rassan birane su haɗa kuɗi su ɗauki nauyin alawus na ƙwararren malamin lissafi ga makarantar 'yan matanmu, da wani mai zagaya firamarorin gari yana taimakon malaman aji 3 zuwa 6. 'Ya'yanmu da ke jami'o'i kuma su ba da makonni daga cikin dogon hutunsu.

5. A riƙa kiran iyaye da ɗaliban aji 3 na ƙaramar sakandare kafin a raba su zuwa ajin kimiyya da sauran azuzuwa, a bayyana musu darussan nan 5. Wadda ba ta shiga ajin kimiyya ba ta rufe wa kanta ƙofar jinya tun shekara 3 kafin jarrabawa.

6. Inda hali ya samu, a biya wa ɗaliban ajin ƙarshe WAEC da NECO a shekara guda, domin abin da ya kuɓuce a ɗaya a same shi a ɗayar.

7. 'Yan uwanmu ma'aikatan jinya da ke aiki a birane su riƙa ziyartar makarantun gida da robar ƙarin ruwa da sirinji, su nuna wa yara inda lissafin allo yake aiki.

Kammalawa

'Yan uwa, kun saba ba da gudummawa wajen ginin azuzuwa da haƙa rijiyoyi, kuma gari yana ganin amfaninsu. Abin da muke roƙo yanzu shi ne a sa malamin lissafi a cikin kasafin ƙungiya na shekara mai zuwa, kuma kwamitin ilimi ya zo taro na gaba da adadin yaran da aka koyar da adadin waɗanda suka samu kiredit. Idan kuma wani daga gida ya kawo muku takarda mai D7, ku zaunar da shi ku yi masa bayanin nan cikin mutunci, sannan ku haɗa shi da kwamitin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka kada mu manta da ƙannensu da ke firamare.